Gawar da Ƙasa Ta Ƙi Karɓa

Tsofaffin da suka riga mu jin labari sun ce a garin Gangaren Ɗorawa an yi wani mahaƙin rijiya mai suna Jatau. Wata rana yana can ƙasan wata rijiya mai zurfi da yake haƙa wa garin, sai bango ya rufto masa. Ƙasa ta cika masa baki da hanci. Da ɗan numfashin da ya rage masa ya ce, "Ke ƙasa, na roƙe ki, kada ki binne ni." Sai ya ji wata murya ta mace, mai kauri kamar ana jan dutsen niƙa, ta ce ta ji, ta kuma amsa. Ƙasa ta yi tari ta cillo shi bakin rijiya ko ƙwarzane babu, ruwa ya biyo bayansa ya cika ramin. Ya ba mutane labari, wasu suka gaskata, wasu suka ce firgita ce ta sa shi sambatu. Ya ci gaba da sana'arsa har ya tsufa, zancen ya bi ruwa.

Ranar da ya rasu, ɗansa Bagudu ne ya tsaya a kan komai, don shi kaɗai Allah ya raya masa. Aka yi wa gawa wanka da ruwan magarya, aka sa ta a likkafani, aka ɗora a makara, liman ya yi mata salla. A maƙabarta aka kwantar da Jatau a gefensa na dama yana fuskantar gabas, aka jera itace, aka toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka tura sauran. Liman yana tsakiyar addu'a sai tudun ya motsa. Ƙasa ta tsage, ta ɗago Jatau a hankali ta ajiye shi a gefe, likkafaninsa fari fat, sa'an nan ramin ya rufe kansa har ciyawa ta koma inda take.

Aka sake haƙa wani, haka aka yi. Aka gwada gona, aka gwada gindin dutse, aka kai shi maƙabartar garin maƙwabta, ko'ina ƙasa ta dawo da shi. Nan fa bakin mutane ya buɗe. Aka fara tambayar wane irin zunubi Jatau ya aikata a ɓoye da har ƙasa take ƙyamarsa. Masu zuwa ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, gumbar sadaka ta bushe a ƙwarya ba mai karɓa. Liman ya gaya wa Bagudu cewa shi dai a sahun gaba ya san Jatau, ba ya zarginsa da komai, amma abin ya fi ƙarfin saninsa.

Bagudu ya ɗauki ƙarfen haƙar ubansa ya shiga haƙa shi kaɗai a bayan gida. Da hantsi ya kai zurfin ƙugu, sai ƙasan ramin ya buɗe, wani dabgi mai girman maraƙi ya leƙo, da zoben azurfa a hancinsa.

Dabgin ya ce, "Ya kai ɗan Jatau, ajiye ƙarfen nan. Uwargijiyata Uwar Laka, mai riƙe da duk abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa, ba ta saɓa alkawari. Ubanka ya roƙe ta kada ta binne shi, ta amsa. Ko duniya za ka haƙe, ba za ta karɓe shi ba."

Bagudu ya tambaya ko ana iya ganinta a yi mata magana. Dabgin ya ce tana inda Baƙin Kogi yake shigewa ƙarƙashin ƙasa, can wajen faɗuwar rana. Ya ƙara da cewa gawar ba za ta ruɓe a hanya ba, don ruɓewa ma aikin uwargijiyarsa ne, amma nauyinta zai yi ta ƙaruwa. Ya juya ya nutse.

Bagudu bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗora ubansa a kan jaki, ya ɗaure da igiyar rijiya, ya kama hanyar yamma.

Ya wuce gonaki, ya wuce daji, ya wuce inda Fulani suke kai shanu, har ya isa wata ƙasa da duwatsu suke tsaye dogaye kamar turame da aka kifa. Samaniya baƙi ƙirin da ungulaye. Mutanen wurin dogayen wuya gare su, kawunansu ƙwal, suna yafe da mayafin gashin tsuntsu. Suka tarbe shi da mutunci suka kai shi gaban sarkinsu. Yana nan tsaye aka wuce da gawar wata mata, aka hau da ita ƙololuwar dutse, aka tuɓe ta aka sauko. Tsuntsaye suka rufe wurin kamar an jefa baƙin bargo. Kafin ya gama shan ruwan da aka ba shi sun tashi, ba abin da ya saura sai farin ƙashi, 'ya'yanta kuwa suna kallon sama fuskarsu a sake.

Sarkin ya ce, "Baƙo, don me za ka ɓoye ubanka cikin duhu kamar kayan sata? Ƙasa ita ke ciyar da mu, mu ba ma ƙazantar da ita da gawa. Ba mu shi. Kafin la'asar yana sama da gajimare."

Bagudu ya durƙusa ya yi godiya, ya ce shi bai raina al'adarsu ba, amma Jatau da hannunsa ya kwantar da nasa uban a ƙasa, kuma abin da yake jira daga ɗansa ke nan. Sarkin ya ce to ba tilas, sai dai doka ce a ƙasarsu, gawa ba ta wucewa ta bar tsuntsaye da yunwa. Ko ya ba da matacce, ko ya ba da mai rai. Bagudu ya kwance ubansa daga kan jakin, ya goya shi a baya, ya zarga igiyar a ƙirjinsa, ya miƙa musu jakin. Jakin nan tun yana ɗan ƙarami yake kiwonsa. Bai waiwaya ba. Ya ji kukansa ya tashi daga kan dutse, ya kuma ji inda ya yanke.

Daga nan tafiya ta zama azaba. Jatau da ya mutu ba shi da nauyin damin kara, yanzu ya yi nauyin buhun gero, igiya ta ci kafaɗar Bagudu har ta yi gyambo. Yana cin 'ya'yan itace, yana shan ruwan kududdufi. Idan ya tsaya salla sai ya jingina ubansa da bishiya, don ya lura ko a kan ƙasa ya ajiye shi, ƙura takan janye daga gefensa.

Wata safiya ya hango wani birni da hayaƙi ya yi masa rumfa. Da ya shiga sai ya ga mutanensa ramammu, farare kamar toka, suna kwance a bakin ƙofofi da gindin bango, alhali ga gidaje manya. Wata tsohuwa ta sauke shi a gidanta. Da ta ɗaga labulen ɗaki sai ya gane dalili. Matattu ne cike da ɗakin, an busar da su da hayaƙi, an sa musu tufafin ado, an zaunar da su a jere a kan kujeru, akushi a gaban kowa. Tsohuwar ta ce su ba sa rabuwa da nasu. Kowace safiya mai rai yakan hura numfashinsa a bakin matacce, mataccen ya yi magana. Matattu sun yi yawa har sun cinye ɗakuna, shi ya sa masu rai suke kwana a waje. Ta ce ya zaunar da ubansa a nan, ya huta da ɗauka, kullum ya ji muryarsa.

Wannan tayin ya fi na sarkin tsuntsaye shiga zuciyar Bagudu. Ranar da Jatau ya cika Bagudu yana gona, bai samu ko kalmar ƙarshe ba. Ya kwance kan likkafanin, ya ga fuskar kamar yau ya mutu, ya sunkuya ya hura. Wani sanyi ya shiga ƙirjinsa. Leɓɓan Jatau suka motsa.

"Bagudu, kai ne? Ina jin duk tafiyar nan. Igiya ta ci maka kafaɗa." Sa'an nan ya ce, "Na gaji, ɗana. Kwantar da ni."

Tsohuwar ta ce kada ya kula, dukkansu haka suke faɗa da farko. Bagudu ya kasa kunne ga jerin matattun da aka hura wa numfashi da safe, ya ji ɗakin yana ta raɗa, kuma duk abu ɗaya suke faɗa. Ya mayar da likkafanin ya ɗaure, ya goya ubansa. Kafin ya kai ƙofar gari labari ya riga shi, an rufe ta, don a wurinsu gawar da ta yi magana ta zama 'yar gari. Mutane suka taso masa a hankali, hannuwa kamar tsinke suna miƙowa. Sai tsohuwar ta ja shi ta wani lungu ta mayar da shi gidanta. A ƙarshen jerin ɗakinta ya ga wata 'yar ƙaramar kujera da yarinya a kai, da kitso da awarwaro.

Tsohuwar ta tambaye shi, "A ƙasarku, uwar da ta sa ɗanta a rami, tana barci?"

Ya ce, "Da farko ba ta yi. Daga baya tana yi, Iya."

Sai ta buɗe masa wata ƙaramar ƙofa da ake fitar da toka ta cikinta zuwa bayan gari. Ya rarrafa ya fita. Da ya duba fuskarsa a ruwan wani tafki, ya ga rabin gemunsa ya yi fari.

Yanzu gawar ta yi nauyin turmin dutse. Bagudu yana tafiya a duƙe, wani lokaci da gwiwa, har ya fara jin kiɗa. Ya ɓullo bakin wani kogi mai ruwa baƙi kamar tawada. A gaɓarsa wasu mutane ne masu fata tsakanin yatsu irin ta agwagwa, suna kiɗa suna rawa suna dariya, an ɗaga gawar wani saurayi ana juyi da ita. Suka sa ta a kwalekwale da tulun ruwa da busasshen kifi, sa'an nan wata matashiya ta shiga ta zauna kusa da ita, aka ɗaure ƙafarta da jikin jirgin, aka tura. Ita kaɗai ce ba ta dariya. A wurinsu matacce bai san hanya ba, sai wanda ya fi kowa ƙaunarsa ya raka shi, kuma ba a taɓa jin ɗan rakiya ya dawo ba.

Suna ganin Bagudu da kayansa ba su tambaye shi daga ina ba. Suka kewaye shi da guɗa, suka jawo wani jirgi. Shugabarsu, wata doguwar mace mai sarƙar haƙoran kada, ta tsaya a gabansa ta ce, "Kai ne mafi ƙaunarsa?"

Ya ce, "Ni kaɗai gare shi."

Ta ce, "Ba abin da ruwa ya tambaye ka ke nan ba."

Bagudu ya dubi inda kogin ya nufa, ya ga can nesa yana shigewa bakin wani kogo. Ya ce, "Ni ne." Suka ɗaure ƙafarsa, suka tura jirgin, kiɗa yana raka shi.

Ruwa ya fizgi jirgin ya jefa shi cikin kogon. A gefe da gefe ya riƙa ganin ɓaraguzan jirage sun maƙale a duwatsu, kowanne da ƙasusuwan mutum biyu. Jirgin saurayin nan ma ya gan shi a kife. Can sai nasa ya daki dutse ya rabu biyu. Nauyin Jatau ya ja shi ƙasa kamar an ɗaura masa maƙera. Da ya kwance igiya ɗaya daga ƙirjinsa da ya taso, ya kuwa san haka, hannunsa har ya kai kan ƙullin. Ya bar shi. Ya nutse har ƙafarsa ta taɓa ƙasan kogin, sai lakar ta ƙi gawar kamar yadda ta saba, ta ture su duka biyu sama ta watsar a kan gaɓa.

Da ya farfaɗo ya gan shi cikin wani fili marar iyaka mai haske ja kamar garwashi. Saiwoyi suna reto daga sama. Bangaye cike da ramuka a jere, kowanne daidai tsawon mutum, wasu dogaye, wasu kuwa ba su wuce kamu ɗaya ba, duk fanko suna jira. A tsakiya wata mace ce zaune, girmanta ya kai tudu, jikinta yumɓu, fuskarta a tsattsage kamar fadama da rani, iri yana tsira a tafin hannunta. Dabgin nan yana kwance a ƙafarta.

Bagudu ya ajiye ubansa ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, Uwar Laka. Mutumin da ƙasa ta rufe wa baki ba ya zaɓen kalma. Ubana tsawon kwana ya roƙa, ba wannan ba."

Ta ce, "Ni ba na jin nufi, ɗan Adam, magana nake ji. Waɗanda tsuntsu ya ci da waɗanda hayaƙi ya busar da waɗanda ruwa ya tafi da su, duk a hannuna suke ƙarewa ko an jima. Ubanka kaɗai na sallama. Da ka bar wa ungulaye shi, wadda ta ci namansa ba za ta ƙara sauka ba har abada."

Ya ce ai mai alkawari yana iya warware shi idan wanda aka yi wa ya yafe, kuma ya ji da kunnensa ubansa ya yafe. Ta ce haka ne, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Duk wanda aka haifa, ana yanka masa wurinsa a jikinta, ɗaya tak. Wurin Jatau shi ne ƙasan rijiyar nan, kuma ranar da ta sake shi ta cika gurbin da ruwa. Idan yana so sai ta mayar da shi can, amma ruwan zai ƙafe, kuma babu wani ruwan a ƙarƙashin Gangaren Ɗorawa. Bagudu ya tuna mutanen da suka ƙi cin gumbar ubansa, ya tuna kuma 'ya'yansu da awakinsu. Ya ce a'a.

Ta ce, "To, saura hanya ɗaya." Ta ɗaga yatsa ta nuna wani rami a bango. "Wancan naka ne. In ka ba shi, na karɓe shi yanzu. Amma ranar da taka ta zo, ba ni da wurinka. Ka ga yadda abin yake, ba sai na faɗa maka ba."

Bagudu ya daɗe yana kallon ramin. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba a kan dutse ko a cikin ruwa. Ya ga kansa a yashe a gefen kabari, mutane suna ja da baya suna tambayar abin da ya aikata, yana jin komai, ya gaji, ba mai kwantar da shi. Ya dubi likkafanin da ya yi ta ɗauka, har yanzu fari fat, ƙura ba ta taɓa shi ba.

Ya ce, "Ina ne gabas a nan?"

Ta nuna masa. Ya sunkuya ya ɗauki ubansa, sai ya ji ba nauyi, kamar jariri. Ya kwantar da shi a gefen dama. Ramin ya ɗan fi Jatau tsawo, don Bagudu ya fi ubansa tsayi. Ya yi masa addu'ar da liman bai samu ƙarasawa ba, ya ɗebi ƙasa da hannu ya zuba. Ƙasa ta zauna a kan likkafanin, ta ɓata shi. Bagudu ya ga haka ya fashe da kuka. Da ramin ya rufe, ya ji wata ajiyar zuciya daga ciki, irin ta mutumin da ya sauke kaya.

Dabgin ya bi da shi ta wata hanya ya fitar da shi a bayan gidansu. Mutane suka taru suna tambaya, ya ce musu an binne Jatau, Allah ya jiƙansa, bai ƙara komai ba. Ya yi sadaka, wannan karon aka ci. Daga baya ya yi aure, kuma kafin a ɗaura ya gaya wa matar gaskiyar abin da ke kansa, ta ce ta ji ta gani. Suka haifi 'ya ɗaya, Tabawa. Duk mutuwar da aka yi a garin, Bagudu ne farkon zuwa haƙar kabari, shi ne na ƙarshen barin maƙabarta. Har matarsa shi ya sa ta a rami, ya tsaya yana kallon yadda ƙasa ta rungume ta.

Da tsufa ya kama shi, ya fara jin mutuwa a gaɓoɓinsa, sai ya yanke shawarar ba zai ɗora wa kowa abin da ya ɗauka ba. Wata safiya bayan rana ta fito ya ɗauki sandarsa kamar mai zuwa gona, ya bi hanyar daji, da nufin ya yi nisan da ba wanda zai tsinci gawarsa. Ya wuce gonakin ƙarshe sai ya ji taku a bayansa. Tabawa ce, ta zama babbar mace mai 'ya'ya, ɗauke da ƙunshin farin ƙyalle a ka da goran ruwa a hannu.

Ya ce ta koma gida. Ta ce Inna ta gaya mata komai kafin ta rasu. Ya ce in ta ba da nata wurin, ɗanta ne zai goya ta, haka abin zai yi ta tafiya har zuriyarsu ta ƙare. Ya ce ya roƙe ta da girman haihuwa ta juya.

Tabawa ta gyara ƙunshin da ke kanta ta ce, "Ban ce zan ba ta nawa ba, Baba. Zuwa zan yi in zauna a gabanta, ba zan tashi ba sai ta gaji da ganina. In ta ƙi, a lokacin na san abin da zan yi. Amma ba za ka mutu a daji kai kaɗai kana jin komai ba."

Bagudu ya buɗe baki zai yi magana, tari ya sarƙe shi har ya durƙusa. Ta jira ya lafa, ta ba shi ruwa, ta karɓi sandar daga hannunsa ta ɗora hannun a kafaɗarta. Ya ji ƙashin kafaɗar a ƙarƙashin tafinsa, siriri, ya san abin da igiya za ta yi masa. Ya so ya janye hannun, ta riƙe shi. Suka ci gaba da tafiya a hankali, tana rage taku don ya iya bin ta.

Wani makiyayi ne na ƙarshen ganinsu, sun shiga kurmi, tsohon yana jingine da 'yarsa. Abin da ya iso kunnenmu ke nan. Yadda ta kaya tsakanin Tabawa da Uwar Laka, wannan sai Wanda ya halicci ƙasa da abin da ke cikinta.